Kamu Goma Sha Biyu

Duk wanda ya tashi a Tsamiyar Sa'a, wani ƙauye da ke gabas da Dogo-Dogo, ya san faɗin masallacin garin kamu goma sha biyu ne. Ba don ya taɓa aunawa ba. Marigayi Malam Hambali ne ya faɗa, ya kuma yi ta nanatawa shekara talatin, har maganar ta zauna a kan kowa kamar karatun allo.

Malam Hambali shi ya dasa maɗacin da ke ƙofar gidansa tun yana saurayi, yana sare masa rassan ƙasa don ya miƙe sambal. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wani ƙaton ginshiƙin ƙasa da ke tsakiyar masallaci, wanda ya raba sahun farko gida biyu. Kullum aka sallame sai ya harare shi, ya ce, "Ranar da maɗacina ya kai, za a fitar da azara guda a cikinsa, kamu goma sha biyu, bango zuwa bango. A rushe wannan abu, sahu ya haɗe." Allah bai nufe shi da ganin ranar ba. Shekara biyu bayan rasuwarsa, iskar farkon damina ta tumɓuke maɗacin, ta kwantar da shi a fili, ko danga bai taɓa ba. Mutanen gari suka ce ai magana ta fito, lokaci ya yi.

Aikin ya faɗo a wuyan babban ɗansa, Abdulƙadir, wanda ba mai kiransa da wannan suna sai liman. Kowa Gajere yake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba. Malam Hambali dogo ne wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure, shi kuwa ɗan ya ɗauko dangin uwa. Mutumin kirki ne, ga noma, ga zumunci, amma fa in kana son ka ga ɓacin ransa, to ka dube shi daga sama zuwa ƙasa. Tun yana yaro ake ce masa bai kamo ƙafar babansa ba, saboda haka ya ɗauki aikin azarar nan a matsayin ranar da zai rufe bakin kowa.

Ya karɓo takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji, ya kira mai injin yankan ice ya sassare rassa, aka bar gungumen shi kaɗai, miƙaƙƙe, ja wur a bakin yanka. Saura abin da zai kai shi Magarya, wurin masu injin tsaga katako, su gyare shi gefe huɗu ya zama azara. Ranar Laraba Gajere ya hau kabu-kabu ya nufi tashar Magarya neman mota.

Abu biyu ya tarar. Na farko tsohuwar tarakta ce ta wani dattijo da ake kira Tsoho, tana jan doguwar rimok, wato tirela, wadda ba ta da gefe ba ta da ƙofa, katakon shimfiɗarta duk ya dare, ana ɗaure da wani ƙarfenta da igiyar roba. Na biyu kuwa kamiyo ce, motar ɗaukar kaya shuɗiya mai akwatin ƙarfe, an yi mata zanen furanni, direbanta wani matashi mai suna Safwan yana goge madubi.

Gajere ya fara zuwa wajen dattijon, don girmamawa. Suka gaisa, ya faɗi buƙatarsa.

"Tsawon icen nawa ne, ɗana?" in ji Tsoho.

"Kamu goma sha biyu, Baba."

Tsoho ya ajiye kofin shayinsa. Ya dubi Gajere tun daga hula har takalmi, ya tsaya a kan hannunsa, sannan ya ce, "Kamun wa?"

Kallon nan shi ya ɓata komai. Gajere ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. A tasha, gaban jama'a, tsoho da furfurarsa zai yi masa gorin tsawo? Ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Allah ya ba mu alheri, Baba. Dama wannan akwalar taka sai ta kwana biyu ba ta kai ba." Tsoho ya ɗaga murya, "Tsaya mana, ni da metir na awo nake aiki, bari in ba ka ka tafi da shi!" Ina, ko waiwaye bai yi ba.

Safwan ya tarbe shi da fara'a, yana ta "maigida, maigida". Ya ce motarsa ba ta san yashi ba, in sun loda da hantsi, kafin la'asar suna Magarya. Gajere ya ce shi ba ya sayen abu cikin duhu. Ya naɗe hannun riga, ya haye akwatin motar, ya durƙusa yana aunawa daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda Tsoho zai ji. Kamu goma sha biyu da taƙi guda. Ya diro yana murmushi, suka shirya.

Washegari kamiyo ta shigo gari tana oda, kaji na watsewa. Maza suka haƙa gangare, motar ta shiga da baya har bakin akwatinta ya yi daidai da ƙasa. Aka sa igiyoyi da sanduna, ana kabbara ana turawa, har kan gungumen ya dunguri ƙarfen gaba. Gajere ya zagayo baya don a rufe ƙofa, sai ya yi turus. Wani ƙaton yanki na icen yana nan a waje, ya zarce bakin motar, ya fi tsawon jaki.

Ya murza ido. Ya dubi motar, ya dubi icen. Shi da kansa ya auna motar nan jiya, ko an musanya ta ne da dare?

"Maigida, wannan ba za ta yiwu ba," in ji Safwan. "Ƙofar baya ita ke riƙe da gefen akwatin nan biyu. In ban rufe ta ba, ramin farko da muka faɗa motar za ta buɗe kamar ƙwarya. Ko dai a rage shi, ko in juya."

Gari duk ya taru. Gajere ya haye kan gungumen, ya shiga aunawa da hannunsa. Goma sha biyu, bai kai ƙarshe ba. Sha uku. Sha huɗu. Sha biyar cif. Ya zauna a kan icen baki buɗe. Can sai fuskarsa ta washe, ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a, ku ga ikon Allah! Baba ya bar shi yana goma sha biyu, ga shi ya ƙara kamu uku a bayansa. Albarka ce!"

Aka ɗauki salati. Ice ya ƙara kamu uku cikin shekara biyu, maɗaci kuwa, wanda jariri ke yin gemu kafin ya yi inuwa! Amma daɗin magana ya hana kowa tunani. Mutum ɗaya da za ta ce a dakata ita ce mahaifiyarsa, Inna Hindatu, ita kuwa tana Dungas wajen ta'aziyya. Masallacin yana nan taku arba'in daga inda suke tsaye, ba wanda ya ce a je a gwada, don wa zai auna abin da kowa ya sani?

Gajere ya ƙirga goma sha biyu, ya ƙara taƙi guda don mazaunin bango, ya ja layi da gawayi. Mai inji ya tayar da injinsa. Icen da Malam Hambali ya yi shekara arba'in yana reno, cikin minti biyar aka raba shi. Guntun da ya faɗi Gajere ya ce a ba masassaƙi ya fitar wa matan gari turmi biyu, sadaka ga marigayi. Aka rufe ƙofar kamiyo, ta tafi tana oda.

Bayan kwana takwas azara ta dawo, gefe huɗu, santsi kamar allo, tana ƙamshi. Kafin nan an kware rufin masallaci. Nafi'u magini ya so a bar ginshiƙin tukuna sai azara ta zauna, Gajere ya ce a'a, mahaifinsa ya jira shekara talatin, ba zai ƙara masa ko yini ba. Shi ya fara kai wa ginshiƙin sara da diga, matasa suka ƙarasa.

Ranar Asabar da hantsi aka taru ɗora azara. Mata na leƙe ta kan danga, har an fara daka a sababbin turame don furar ma'aikata. Aka ɗaga kai ɗaya aka aza a bangon kudu. Maza goma sha biyu suka tallafi sauran da dirkoki, suna matsawa da ɗaya kan wajen bangon arewa. Nafi'u yana kan bangon, ya miƙa hannuwa zai karɓa.

"Ku turo!" in ji shi.

"Mun turo!"

"Ku ƙara!"

"In muka ƙara, wancan kan zai zame!"

Nafi'u ya sauke hannuwansa a hankali. Tsakanin kan azarar da bangon da yake zaune akwai fili wanda mutum zai wuce da tulu a ka bai taɓa komai ba. Ba abin da ake ji sai lugudan matan can, su ma ɗaya bayan ɗaya suka tsaya.

Gajere ya yi mutuwar tsaye. Can sai ya ce, "Bangon ne ya matsa." Ba wanda ya yi dariya, abin ya wuce dariya. Ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya shiga auna daɓen masallaci da hannunsa, daga kudu zuwa arewa, gaban kowa. Goma sha biyar.

"Innalillahi," in ji liman. "Abdulƙadir, ya aka yi haka?"

Inna Hindatu ce ta ba da amsa. Ta dawo tun shekaranjiya, ta kuma ga turamen, ta yi shiru don aikin gama ya gama. Yanzu ta zo bakin ƙofar masallaci riƙe da tsohuwar sandar mijinta, ta kira ɗanta. Ya fito kamar mai ciwo. A jikin sandar akwai tsaga biyu da Malam Hambali ya yi da wuƙa, gwajin kamunsa, da shi yake auna rumbu da rijiya. Ta kama hannun Gajere, ta ɗora gwiwar hannunsa a kan tsagar farko. Yatsarsa ta miƙe iya miƙewa, ta tsaya saura faɗin tafi guda da ɗoriya kafin ta kai ta biyu.

"Ka gani?" ta ce, muryarta a ƙasa. "Da hannunsa ya auna, ɗana. Kai kuma hannuna ka ɗauko."

Nan take muryar Tsoho ta faɗo masa: kamun wa? Ashe dattijon ba gori ya yi masa ba. Rimok ɗin nan mara ƙofa da ya kira akwala, da ta ɗauke icen yadda yake. Ya dubi turamen biyu a gindin danga, kamu ukun da ya yanke daga icen mahaifinsa ke nan, an rarake su, gero a ciki. Ya dafe kai ya fashe da kuka kamar yaro, ba wanda ya iya ce masa ya yi shiru.

Hadari na haɗuwa kullum, masallaci kuwa ba rufi. Babu wani maɗaci irin wannan daga nan har Magarya, in ma za a dasa, sai dai jikoki su gani. Nafi'u ya ce dabara ɗaya ce ta rage: a gina sabon ginshiƙi daidai inda kan azarar ya tsaya, a haɗa ragowar da guntun giginya. Gajere ya ce kada kowa ya sa hannu. Shi ya kwaɓa ƙasa, shi ya yi tubali, shi ya miƙa wa magini, har kwana shida.

An rufe masallaci kafin ruwa ya yi ƙarfi. Sahun farko yanzu ya haɗe tun daga bangon kudu, mutum tara kafaɗa da kafaɗa, sai ginshiƙi. Bayan ginshiƙin, a jikin bangon arewa, akwai ɗan lungu da ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Ranar da aka fara salla a ciki, liman ya yafito Gajere ya zo ya tsaya bayansa, inda mahaifinsa ke tsayawa. Gajere ya girgiza kai, ya wuce cikin lungun nan, ya tayar da kabbara. Har yau a nan yake salla, sau biyar a yini, ƙasa a damansa, ƙasa a hagunsa.