Ruwan da Sallau Ya Hana

A kasuwar Illela anka yi cinikin, cikin rumfar mai goro. Sallau manomi ne daga wani ƙauye kusa da Tajaye, yana da wani fako bisa tudu da ya gada wurin ubansa. Farar tsakuwa ce zalla, in ka sara da kwasa sai ta yi tartsatsi, babu abin da ke fita sai anza da 'yar geza. Alhasan kuwa makiyayi ne mai awaki talatin da raƙuma biyu, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Kowace damina sai awakinsa sun faɗa gonar wani, har mai gari Bawa ya gaji ya gaya masa a fili: ko ya samu wurin kansa kafin shuka, ko ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ɗiyansa uku nan anka haife su, uwarsa nan take kwance.

"In fakon kake so, ba ni taguwar nan mai ciki cikin raƙumanka," in ji Sallau.

"Kai Sallau, ji tsoron Allah. Taguwa da cikinta, don dutsi?"

"Dutsin da ba mai korar ka bisa nai. Kuma da sharaɗi."

Gonar geron Sallau tana ƙasan fakon. Da an yi ruwa sai ya gangaro mata da gudu, ya tone shuka, ya zuba tsakuwa. Sharaɗin shi ne ruwan fako ya tsaya a fako. "Ɗigo guda ya sauko gonata, ciniki ya tashi. Fako ya komo hannuna, taguwa kuwa ba ta komawa."

Kowa a rumfar ya gane inda ya nufa. Wa ya taɓa tsare ruwa bisa dutse? Alhasan ma ya gane, amma ba shi da wata ƙofa. Bawa ya shaida, anka ɓare goro, anka shafa fatiha.

Alhasan ya koma ya gaya wa matarsa Takama. Da rana tsaka ta hau tudun, ta riƙa ɗaga duwatsu ɗaya-ɗaya tana taɓa ƙarƙashinsu. Ta dawo da farar ƙasa a tafin hannu, mai laushi kamar gari.

"Maigida, an cuce ka," ta ce, "amma wanda ya cuce ka bai san abin da ya sayar ba. Kakata can duwatsun Adar a irin wannan take noma. Gobe ɗaura wa raƙumi mangala."

Duk ranin nan suna jidar dutse. Takama ce ke nuna inda za a jera. Ba ta da igiya, ba ta da komai, sai bin sawun ruwan bara: inda ya ajiye kashin awaki da ƙiraruwa a jere, nan ya huta, nan kuwa take sa layi. Layi bakwai sunka yi a gicciye, tun daga kan tudu har iyakar gonar Sallau. Bayan kowane layi sunka tona ƙananan ramuka, kowanne da tafi guda na kashin awaki. Da dare awakin nan suke kwana.

Masu wucewa zuwa kasuwa kan tsaya. "Alhasan, dutsin ya tsiro?" Shi kuwa ya ce, "Sai baɗi, bana iri muke zaɓe."

Ranar ruwan farko Sallau ya yafa buhu a ka, ya jawo wani maƙwabcinsa ya zama shaida, sunka tsaya bakin gona suna jira. Ruwa ya fasa layi na farko, ya fasa na biyu, ya haura na uku. Kafin ya kai na biyar ya gaji. Sunka tsaya har sama ta washe, babu abin da ya sauko. Maƙwabcin ya ce, "To, ni dai na shaida na jiƙe."

Sallau bai damu sosai ba. Taguwa ta haihu, kuma a damina ta farko gonarsa ba ta tonu ba.

Sai shekara ta juyo, shekarar farin nan da ba wanda ya manta. Ruwan kirki sau huɗu anka yi. Geron Sallau ya kai gwiwa ya naɗe ganye. Sannan ya gane cewa ruwan da yake zagi tun yana saurayi, shi ke ciyar da gidansa. A can bisa kuwa tsakuwa ta rufe damshi, rana ba ta kai gare shi. Ciyawa ta fito bayan kowane layi, geron da Takama ta jefa a ramuka ya yi kai.

Kwana uku Sallau yana zagaya gindin tudun kafin ya hau.

"Salamu alaikum. Ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ɗigo ya sauko ne?"

"Alhasan, bar wannan magana. Buɗe mini ƙofa guda a layin dutsen nan, ruwa ya sauko."

"Ni? In buɗe, ka tafi gun mai gari ka ce ciniki ya tashi? Kai dai Sallau ba ka tsufa."

Takama tana daka a gefe ta ce, "Ku tafi gun Bawa tare. Bakin da ya ɗaura shi ka kwancewa."

Sunka tafi. Gaban mai gari da dattawa Sallau ya ce ya janye sharaɗinsa har abada, fako na Alhasan ne da ɗiyansa. Bawa ya sa ya maimaita sau biyu, wai kunnensa ya yi nauyi. A ranar Alhasan ya ɗauke duwatsu uku daga gefen kowane layi. Ruwan ƙarshe na shekarar ya sauko a hankali, ya jiƙa kusurwa ɗaya ta gonar. Dami tara Sallau ya samu, Takama ta aika masa da huɗu bisa raƙumi. Bai ƙoshi ba, amma bai sayar da galmarsa ya tafi Sakkwato ba kamar maƙwabtansa.

Da rani anka ga taguwar nan da mangala, tana hawa tudu tana saukowa da dutse. Sallau ke janta, Takama na gaba tana nuna masa sawun ruwa a cikin gonarsa.

In ana lissafi, Alhasan ya samu ƙasar da ba mai tashe shi, awakinsa ashirin sunka ƙetare fari. Sallau yana da taguwa da ɗanta, gonarsa kuma ta daina tonuwa. Asararsa noman shekara guda, da labarin da yake ba mutane a rumfar mai goro na yadda ya sayar wa makiyayi dutse. Yanzu mai goron ne ke ba da shi, kuma in Sallau ya shigo ba ya fasawa.