Ranar da Aka Ƙirga 'Yan Majalisa

Ranar ce ta ƙarshe a wa'adin majalisar dokoki ta ƙasa. Bisa ƙa'ida, duk ƙudirin da bai tsallake karatu na uku ba kafin Shugaban majalisa ya buga gudumar rufewa, ya mutu ke nan, sai dai in sabuwar majalisa ta ga dama ta faro shi daga tushe. Ƙudirin Uwar Fito yana cikin masu jiran wannan hukunci.

Abokan aikinta ne suka laƙaba mata sunan. Mazaɓarta tana bakin wani babban kogi, inda ba a zuwa makaranta ko asibiti sai an hau kwale-kwale. Abin da ƙudirin ya nema bai taka kara ya karya ba: kada jirgin fito ya bar gaɓa sai kowane fasinja yana sanye da rigar kariya, kuma a sa masu duba lodi a kowane mashigi. Ba a taɓa samun wanda ya ce ba ya so ba, kuma wannan ne ya ja masa daɗewa. A majalisa, abin da ake rigima a kansa shi ake hanzarin kashewa ko rayawa. Wanda kowa ya amince da shi kuwa, ana iya barinsa sai gobe. Kwamitin sufuri ya ce maganar ruwa ce. Kwamitin albarkatun ruwa ya ce shi ruwan sha ya sani. Haka ƙudirin ya yi ta yawo a tsakanin benaye har shekarun suka ƙare.

Ita ma goben ta ƙare mata, domin jam'iyyarta ta ba wani takara, ba za ta dawo ba.

Da ta leƙa zauren da safe, sai ta tarar yawancin kujerun ba kowa. Waɗanda suka faɗi zaɓe suna ofisoshinsu suna ɗaure kwalaye, waɗanda suka ci suna gidajensu suna karɓar barka. Dokar majalisa ta ce ba a yanke hukunci sai kashi ɗaya cikin uku na wakilai yana zaune. Amma akwai wata tsohuwar al'ada da ta fi dokar aiki: idon Shugaba ba ya ganin kujerar da ba kowa sai an nuna masa. Muddin ba wanda ya tashi ya ce a ƙirga, majalisa a cike take, ko da rabin masu sauraro masu shara ne.

Saboda haka ta nufi ofishin mutum ɗaya da ta san yana da wannan ɗabi'a, wani dattijo na ɓangaren adawa da ake kira Malam Ƙa'ida. Ta same shi yana cire hotunansa daga bango.

"Baba, roƙon arziki na zo."

"Uwar Fito da kanta? Yau kogi ya hau tudu. Zauna, in kin sami inda ba kwali."

"Yau ɗaya tak, ka bar min idonka a ofis."

"Ke kin san ban ƙi jirginki ba, 'yata. Shugaba nake so in hana sakat. Yau ce damata ta ƙarshe, ki ce in bar shi ya tafi gida da murmushi?"

"Ka hana shi sakat bayan nawa."

Ya ɗauko takardar ayyukan ranar, ya matso da ita kusa da hancinsa.

"Bayan naki akwai na sake wa filin jirgin sama suna. To, can zan farka. Amma in kin tashi magana ki taƙaita. Jawabinku na masu gaskiya shi ke korar mutane."

Daga nan ta bi sauran da take tsoro ɗaya bayan ɗaya. Ta ga wanda ke da dangi masu jiragen fito, ta ga wanda suka taɓa sa-in-sa da shi a kwamiti, har ta ba shi haƙuri a kan laifin da nasa ne. Mai tsawatarwa na jam'iyyarta ya ɗauki alkawarin tsare ƙofa. Kafin a shigo da sandar majalisa, ba wani abokin hamayya da ba ta toshe ba.

A benen 'yan kallo yayanta yana zaune da mutum kaɗan daga ƙungiyar masu fito, wadda yake shugabanta. Shi ne ya tsamo gawarwakin 'yan makaranta a hatsarin da ya sa ta rubuta ƙudirin, kuma tun daga lokacin ba ya son doguwar magana. Da ta hau gaishe shi, abu ɗaya ya ce:

"Ke dai ki ce mana an yi, mu koma mu faɗa wa mutane."

Aka yi addu'a, aka karanta sanarwa, aka ɓata lokaci mai tsawo wajen yabon juna. Sannan aka kira ƙudirinta. Ta tashi, ta bi shawarar dattijon, ta faɗi jimla uku ta zauna. Shugaba, wanda shi ma hankalinsa yana kan jawabinsa na bankwana, bai tsaya neman ƙarin bayani ba.

"Masu goyon baya su ce e."

Aka ce e, da iyakar ƙarfin da 'yan tsirarun suke da shi.

"Masu adawa su ce a'a."

Ba a ji ko tari ba. Shugaba ya ɗaga guduma.

"Mai girma Shugaba."

Wani ɗan majalisa ne da ake kira Lauya. Ya shigo majalisa ta zaɓen cike gurbi, kuma tun zuwansa babu wanda ya kai shi riƙe ƙudirin nan da hannu biyu. Shi ya gyara mata lafazin sassa da dama, shi ya raka ta kwamiti bayan kwamiti. Ya haddace littafin dokokin majalisa kamar karatun allo, sai dai abin da ba a rubuta a ciki ba bai kai gare shi ba tukuna. Shi kaɗai ne ba ta je wurinsa da safe ba, domin mutum ba ya gargaɗin hannunsa na dama.

"Mai girma Shugaba, wannan ƙudiri ya fi ƙarfin a wuce shi da murya kawai. 'Yar'uwarmu ta sha wahala a kansa. Ya kamata tarihi ya san sunan duk wanda ya tsaya wa rayukan talakawa a yau. Ina neman a kaɗa ƙuri'a, a ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya."

Mai tsawatarwa ya fara wani tari mai tsanani. Shugaba ya riƙe gudumar a sama, ya dubi Lauya ta saman tabarau.

"Ɗan majalisa, kujerar nan ba ta ji mai adawa ba. Ka tabbata kana son abin da ka nema?"

"Shi ya sa ma, ranka ya daɗe. A rubuta cewa ba a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi ba."

Uwar Fito tana layi uku a gabansa. Ta juya, ta ce masa a hankali, "Zauna, don Allah. Janye."

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya sunkuyar mata da kai. Ya ɗauka kawaici ne.

"Hajiya, kin cancanci fiye da haka."

Neman ƙuri'a haƙƙin kowane wakili ne, kuma an yi shi a bainar jama'a, na'urar ɗaukar magana tana aiki. Shugaba ya ajiye gudumar a hankali, ya umarci akawun majalisa ya ƙirga. Akawun ya bi layi-layi ba tare da gaggawa ba, kamar mai ba mutane damar faɗowa daga sama. Duk wanda aka zo kansa ya goyi baya, har da Malam Ƙa'ida. Babu mai adawa ko ɗaya, kamar yadda Lauya ya so tarihi ya sani. Amma jimillar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma yanzu an nuna wa Shugaba.

Aka kaɗa ƙararrawar kira. Mai tsawatarwa ya bazama ɗakin shan shayi, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran waya. Wani ya ce yana hanyar filin jirgi. Wani ya ce yana zuwa yanzu-yanzu, ana jin ƙarar masu taya shi murna a bayansa. An samo mutum uku, ɗaya da kofi a hannu. A daidai lokacin, wasu biyu daga cikin na ciki, da suka ga abin zai ja, suka sulale ta ƙofar baya. Aka sake ƙirgawa. Ba a kai ba.

Shugaba ya bayyana takaicinsa cikin kalmomi masu kyau, ya ce majalisa ba ta da ikon ci gaba da wani aiki. Ya karanta jawabinsa na bankwana, wanda ya yaba wa wakilai a kan jajircewa, sannan ya buga guduma.

Malam Ƙa'ida ya wuce ta gefenta yana dogara sanda.

"Ki zama shaida, 'yata, ban buɗe baki ba. Ni da ke duka yaron nan ya cuta."

Yayanta yana jiranta a ƙasan matakala, hularsa a hannu.

"Na ji kowa ya ce e."

"Kowa ya ce, Yaya."

"To, an yi ke nan?"

"Ba a yi ba. Ba mu cika ba."

"Da farko da kuka ce e, kun cika?"

"Ba mu cika ba. Amma a lokacin ba a ƙirga ba."

Ya juya hular a hannunsa.

"Mu in mutane sun yi yawa jirgi ke nutsewa. Ku kuma sai sun yi kaɗan." Ya sa hularsa. "Me zan ce wa iyayen yaran?"

Bai jira amsa ba. Ya ce motarsu za ta tashi, ta gaida gida.

Tana ofis tana kwashe takardu Lauya ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Babu inda littafin ya ce..."

"Na sani. Babu inda ya ce."

Ta daɗe tana kallonsa. Akwai maganganu da yawa a bakinta, kuma duk ya cancance su. Sai dai a cikin duk waɗanda suka damu da ƙudirin da gaske, shi kaɗai ya ci zaɓe. In ta wanke shi yau ta huce, ba mai sake ɗauko maganar a sabuwar majalisa. Ta tura masa kwalin da ke kan tebur.

"Ɗauka. Za ka faro daga karatu na ɗaya. Kada ka yarda a kai shi kwamiti biyu. Kuma ranar da ka ga Shugaba ya ɗaga guduma, ko gobara ce ta tashi a rigarka, ka zauna."

"In Allah ya yarda, Hajiya. Na ɗauki alkawari."

Ya buɗe kwalin, ya zaro kwafin ƙudirin, ya fara dubawa a tsaye. Can sai ya laluba aljihu ya fito da alƙalami.

"Tunda za a sake ne, ina ganin sashe na huɗu yana buƙatar nazari mai zurfi. Da za a kafa ɗan ƙaramin kwamiti..."

Uwar Fito ta ja kujera ta zauna, ta ce masa ya rufe ƙofar, ya nemi wuri shi ma.