Sunan Masalu a Rajista

Ni ne sakataren ƙungiyarmu, ba don na yi karatu mai nisa ba, a aji bakwai na tsaya. Rubutuna ne mai kyau. Sana'ata gyaran keke a bakin kasuwar Sengerema. Ƙungiyar ta iyayen yara masu sikila ce. Muna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a wani ajin firamare, mu takure a kan bencin yara.

Da kiran suna ake farawa. In buɗe rajista in kira yaro, uwarsa ko ubansa su amsa, "Yana nan." Sunaye sittin da ɗaya ne. Haka shugabarmu Mama Shija ta tsara tun farko, kuma tun farko ba a taɓa soke sunan kowa ba.

Da damina wata gidauniya ta Dar es Salaam ta ce za ta turo mana ƙwararre ya zauna da mu wata uku, ya tsara yadda za a riƙa kawo magani da ma'aikaciyar jinya nan garin, mu daina tsallaka tafki da yara zuwa asibitin Mwanza. Amma sai an fara aiko wadda za ta duba ko mun shirya karɓarsa. Ni dai abin da kunnena ya riƙe shi ne a daina tsallaka tafki. 'Yata Limi shekararta tara. Duk ranar da iskar jirgin ruwa ta buge ta, kwana uku take yi a kwance riƙe da gwiwoyinta. Ta ma daina kuka.

Mai dubawar, Madam Aikande, ta iso da farin takalmi da takardar tambayoyi. Mzee Lubinza, wanda ya girme mu duka, ya dubi ƙafarta.

"'Yata, da wannan kika zo auna mu? Ai taɓonmu ne zai fara auna ki."

"Mzee, ka bari in sha shayi tukuna," in ji ta tana dariya.

Ta fara tambaya. Me muke so ƙwararren ya yi mana? Wa zai riƙa zama da shi? Idan ya faɗi abin da ba ma so, za mu saurara?

"Shekara arba'in matata tana faɗa mini abin da ba na so," in ji Mzee. "Ga ni nan, ban mutu ba."

Ta yi ta sa alama a takardarta. Mama Shija ta ce in kira suna, don baƙuwa ta ga mu masu tsari ne. Na kira, aka amsa sau sittin da ɗaya.

Da aka kawo shayi, Madam Aikande ta zauna kusa da ni tana juya shafukan rajistar.

"Baban Masalu, rubutunka kamar na inji. Masalun naka aji nawa yake?"

"Da yanzu yana aji shida."

"Da?"

"Shekara biyu ke nan da rasuwarsa."

Ta ajiye kofinta. "Amma na ji mahaifiyarsa ta amsa."

"Haka muke yi."

"Su nawa ne haka a littafin?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa. Kowannensu na je jana'izarsa, amma ban taɓa ƙirga su ba.

Ta miƙe ta yi wa kowa bayani, a hankali, ba faɗa. Ta ce abin da ƙwararren zai fara nema shi ne yara nawa, shekarunsu, nauyinsu, don da nauyi ake auna maganin. Idan ta rubuta sittin da ɗaya, ƙarya ta rubuta. Idan ta rubuta ba mu sani ba, ba mu shirya ba ke nan, sai baɗi. Layi ɗaya kawai take so a kan kowane suna, ta ɗauki hoton shafukan.

"Ki rubuta a takardarki, ki bar mana littafinmu," in ji Mama Shija.

"Mama, littafinku za su duba, ba takardata ba. Jirgina ƙarfe huɗu zai tashi."

Mzee Lubinza ya gyara zama. 'Yarsa Holo ce ta uku a rajista, shekara goma sha ɗaya da rasuwarta. Tafiyar awa biyu yake yi a ƙasa kowane wata.

"To idan an soke ta, me zan zo yi?" ya ce. "Shan shayin Mama Shija mai kama da ruwan wanke kwano?"

Ba wanda ya yi dariya.

Na leƙa ta taga. Yara suna guje-guje. Limi tana zaune gindin mangwaro cikin rigar sanyinta, tana kallonsu. Na tuna baɗi akwai wata damina, kafin ita kuma akwai tsallaka tafki sau goma sha biyu.

Na ɗauki rula da biro. Na nemo lamba sha huɗu, na ja layi a kan Masalu. Abin da na lura da shi kawai, rular ta ɗan goce, layin ya karkace a ƙarshe. Matata tana bencin gaba. Ta ga abin da na yi, ta mayar da idonta kan allo.

"Mama Shija, faɗo mini sauran," na ce.

Ta fara faɗo sunayen. Mzee ya ɗauki hularsa ya fita kafin a zo kan Holo. Na jira har ya wuce ƙofar makaranta, sannan na ja. Sha tara ne. Saura arba'in da biyu.

Madam Aikande ta ɗauki hoto shafi-shafi, ta sa alama ta ƙarshe, ta ce mun shirya. Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Na ce ta yi sauri kada jirgi ya bar ta.

A gida matata ta tuƙa ugali, tuwonmu na masara, muka ci da ƙananan kifi. Ba ta yi zancen ba, ni ma ban yi ba.

Asabar ɗin farko ta watan gaba, saura kwana biyu ƙwararren ya iso, na buɗe rajista. Wurin Mzee ba kowa. Na kira na ɗaya, na biyu, na huɗu. Na ci gaba har na kira na sha uku, aka amsa. Kafin in buɗe baki kan na gaba, matata ta ce, "Yana nan."

Na sa yatsa a ƙasan karkataccen layin, na kira na sha biyar.