Ƙararrawar Zingo

Tun da yayata ta tafi makaranta a Dungu, Zingo ne abokin hirata. Kwikwiyo ne ja mai murɗaɗɗen bindi, irin karnukanmu da ba sa haushi. Shi ya sa ake rataya musu ƙararrawar itace, don mafarauta su ji inda suke a kurmi. Ni na saba masa da ita, muna tsere a gonar rogo.

Ranar da za a gwada shi a farauta, Kawu Mbikoyo ya ce mini, "Idan ya bi sawun gada, ya koma gidana cikin karnukan farauta. Idan ya tsorata, ki riƙe abinki, 'yar boko, ki koya masa karatu."

Na yi dariyar dole. A zuciyata ina roƙon ya tsorata.

A bakin kurmi Kawu ya zare ganyen da aka cusa wa ƙararrawar don ta yi shiru, ya miƙo mini. Zingo ya shinshina ƙasa, ya falla da gudu, ko waiwaye bai yi ba.

"Kai, Naduru, kin iya horo!" in ji Kawu.

Na tsaya riƙe da ganyen, ina saurare har ƙarar ta ɓace. Sannan na bi ta gonar rogo na koma gida.