Bangon da Dadi Take Lasa

Ma'aikacin ɗakin adana tsofaffin takardu ya turo wa Sunaina kundi na ƙarshe, bai ko ajiye kofin shayinsa ba. Ta buɗe, ƙura ta sa ta atishawa. Shi ma kamar sauran. Turawan mulki sun rubuta yawan buhunan shora, farin gishirin nan da ake haɗa albarushi da shi, da jiragen ruwan da suka kwashe shi daga garin Chhapra. Masu yin sa kuwa kalma ɗaya aka ba su dukansu: Nonia. Babu sunan Jhapsi, mahaifin kakarta Dadi.

A gida Babuji, mahaifinta, yakan ce Jhapsi magatakarda ne a ma'aikatar shora, mai riƙe alƙalami. Daga nan sai ya canja magana. Su dai yanzu Chauhan ake kiransu, ba Nonia ba.

Gobe da safe Babuji zai kai Dadi asibitin masu taɓin hankali a Patna. Tun da sanyi ya shigo take kankare bangon tsakar gida da cokali tana lasa, har a gaban baƙi. Sunaina ta so ta kai mata wani abu game da Jhapsi kafin a tafi da ita, ko da layi ɗaya ne. Ga shi ba ta samu ba.

A hanyar komawa ta sauka daga bas a bakin kogi, inda aka ce ma'aikatar take. Kango ne kawai. Wata tsohuwa tana manna kashin shanu a jikin bango don ya bushe. Sunaina ta daɗe tana gyara tabarau kafin ta iya gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ɗan Nonia magatakarda?" Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "'Yar nan, ai ko alƙalamin aka ba shi, bango zai kankare da shi."

Ta ce iyayenta ma aikinsu ke nan. Idan damina ta wuce, wani fari-fari yakan fito a gindin tsofaffin bangaye. A kankare, a jiƙa, a tace, a dafa. Amma kafin a wahala sai an ɗanɗana: in gishiri ne zalla a wuce, in ya yi sanyi a harshe kamar ƙanƙara, shi ne shora. Manya taba ta kashe musu harshe, shi ya sa yara suke yin gaba, suna lasa, uban yana biye da kwando.

Sunaina ta tsaya duk hanya a bas, ƙafafunta suna zogi.

Da ta isa gida ta tarar an riga an haɗa jakar Dadi an ajiye a bakin ƙofa. Dadi tana zaune kan gadon igiya, tana laluben cokalin da aka ƙwace mata. Babuji yana karanta jarida. Sunaina ta shirya maganar tun a bas, amma da ta buɗe baki sai ta fito a birkice: tsohuwar, kwandon, yaran, sanyin. Ta ce Dadi ba hauka take ba, aiki take yi wa babanta.

Babuji bai ɗago ba.

Sai Sunaina ta durƙusa ta kankari bangon da farce ta kai baki. Farar ƙasa ce kawai, mai ɗaci. Idanunta suka kawo ruwa.

"Ba nan ba," in ji Babuji daga bayan jaridar. Muryarsa a gajiye take. "Wannan siminti ne, babu komai a cikinsa. A bangon bayan garken ɓaunar da muke kiwo ake samu. Can ƙasa, inda rana ba ta kaiwa."

Ya naɗe jaridar a hankali, ya zaro cokalin daga aljihun rigarsa ya sa a hannun mahaifiyarsa. Sannan ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki.

Dadi ta miƙe ta kama hannun Sunaina.

"Ɗauko kwando," in ji ta. "Baba ba ya son jira."