Tsokar Jaje Za Ta Yamai

"Ƙara buɗewa, Baba. Ba cire haƙori zan yi ba."

Jaje ya wangale baki yana kallon rufin ɗakin. Shekara talatin yana dillancin dabbobi a karar Badagishiri, ya buɗe bakin raguna ba adadi don duba haƙoransu, amma sai yau ya san yadda ragon yake ji. Likitar, wata siririyar mace mai suna Nafisa, ta danne masa harshe da ɗan katako, ta haska tocila cikin kuncinsa na hagu. Ta daɗe tana kallo. Jaje bai so daɗewar nan ba. Haka mai saye yake yi idan ya hango aibi.

"Tun yaushe gyambon nan yake?"

"Wata huɗu," in ji Yakuba daga bakin ƙofa. "Tun kafin Layya."

Jaje ya harare shi da wutsiyar ido, baki a buɗe. Yakuba abokin dillancinsa ne, rumfarsu ɗaya, shi ne ma ya goyo shi a babur tun da safe har asibitin nan na Ƙonni, bisa roƙon Kande matar Jaje, wadda ta gaji da wanke matashin kai mai ɗigon jini. Abin da Kande ba ta sani ba, mijinta ya riga ya gano mai laifi. Kafin Layya wani Bafillace mai babban garke, Hamidou, ya bar hannun Yakuba ya dawo hannun Jaje. Yakuba ya yi dariya ya ce ba komai, har ya sayo masa tsire. Kwana goma bayan tsiren nan farin tabo ya fito a kuncin. Ga shi yanzu mutumin ya fi mai ciwon sanin ranar da ciwon ya fara.

Likita ta taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ta tarar da kaluluwa mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Kana taɓa taba?"

"Ni? Tun da uwata ta haife ni ban sa sigari a baki ba."

"Ban ce sigari ba. Taba gari."

Battar tabar Jaje tana aljihun gaba, ta tura rigar waje, kowa yana ganinta. Mu maza da muka haura hamsin muna da wannan baiwa: mukan ɓoye abu a inda mu kaɗai ne ba ma ganinsa.

"Wannan ai magani ce," ya ce. "Kakata ta fara sa mini ita don ciwon haƙori, ina ɗan shekara sha biyar. Ba hayaƙi, ba tari. Yanzu ma in ba don ita ba, da ban iya barci. Kan gyambon nake ɗora ta, sai zafin ya mutu."

Likita ta ajiye tocilar a hankali.

"A wane kunci kake ajiye ta duk shekarun nan?"

Harshensa ne ya tafi wurin da kansa.

"Baba, dafin taba ba a hayaƙi kaɗai yake ba," in ji ta. "Yana cikin ganyen. Kanwar da ake haɗa ta da ita kuma tana cin fata, tana buɗe masa hanya. Inda ta saba zama, nan take ɓarna. Ina tsoron sankara ce, ciwon daji. Ban tabbata ba. Sai na yanki ɗan nama kaɗan, bai kai ƙwayar wake ba, a sa a kwalba a kai Yamai a duba. In ita ce, gara a sani yanzu da ake iya yin wani abu. Wata uku nan gaba ba zan yi maka wannan alkawarin ba."

Daga duk bayanin nan, abu ɗaya ya shiga kunnen Jaje.

"A kai namana Yamai? Ni ina nan?"

"Haka ake yi. Mukan ba wa direban mota, ko wani ɗan'uwa mai tafiya."

Jaje mutum ne da bai taɓa barin sumarsa a gaban wanzami ba. Yakan tattara ta a hula ya je bayan gida ya binne. Farcensa ma haka. A kara, inda kowa ke gaisawa da hannu biyu yana ƙirga abokan cinikin ɗan'uwansa, ba a wasa da irin wannan. Yanzu ga wata yarinya sa'ar ɗiyarsa tana cewa ya ba da tsoka, ba suma ba, a miƙa wa direban da bai san ubansa ba.

Sai Yakuba ya gyara murya.

"Ai ba matsala, likita. Jibi ina tahiya Yamai da raguna. Ni kai ta."

To, ga ta nan. Jaje ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda lissafinsa ya fita daidai. Ya juya gaba ɗaya ya dubi abokinsa.

"Kai za ka kai ta."

"Mi ne a ciki? Aljihu kawai zan sa."

"Na sani." Ya koma ga likita. "Ɗiyata, in tambaye ki. Wanga mutum da kike gani, wurin mai taba ɗaya muke saye. Ya fi ni ci. Ko salla zai yi sai an tuna mishi ya tofar. In taba ce, don mi ni kaɗai ta kama?"

"Ba kowa take kamawa ba, ba kuma lokaci ɗaya ba," in ji likita. Ta ɗauki sabon katako. "Amma ka yi tambaya mai kyau. Malam, zo ka zauna in duba naka."

Yakuba ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya ce shi rakiya ya zo. Ya ce ya bar babur a rana. Kafin likita ta sake magana, labulen ƙofa kawai ke motsi.

Jaje ya ce zai yi shawara, ya fito. A sana'arsu, mai dabbar da ya hana a buɗe bakinta ba ya bukatar ƙarin bincike. Ya ratsa barandar da mata ke zaune da kwanonin abinci, yana shirya maganar da zai faɗa, maganar da ya yi wata huɗu yana tauna ta tare da tabar.

Ya sami abokin nasa ƙarƙashin bishiyar bedi. Yakuba ya durƙusa gaban babur, ya karkato madubin, ya ja leɓensa na ƙasa da yatsu biyu yana leƙawa. Gefensa ga buta, ga jan ruwan da ya kurkure a ƙasa.

Jaje ya tsaya. Ya haɗiye maganar da ya shirya.

"Ba haka ake dubawa ba," ya ce daga baya. "Taso."

Ya kama haɓar Yakuba da hannun hagu, ya juya fuskar wajen haske, ya danna leɓen da babban yatsa, yadda ya saba. Can ƙasa, jikin dasashi, akwai ɗan farin tabo kamar an ɗiga nono. Ya goga, bai fita ba.

"Mi ka gani?" in ji Yakuba.

"Haƙoranka sun ƙare. Ko kyauta ba mai ɗaukarka."

"Jaje, don Allah."

"Akwai ɗan fari. Ƙarami ne. Haka nawa ya fara."

Yakuba ya zauna a kan tushen bishiyar. Ya ce tun watan jiya yake jin wurin da harshe, bai gaya wa kowa ba. Ya ce shi ya sa da Kande ta roƙe shi bai yi musu ba, yana so ya ji abin da za a ce wa Jaje tukuna.

"Wato ni ka turo gaba in gwada maka zurfin ruwan."

"Kai ne babba."

Jaje ya yi tunani. Mai sammu ba ya zuba wa kansa. Sai dai kuma an sha jin wanda abinsa ya komo kansa. Ya auna biyun, ya ga bai isa ya yanke hukunci yau ba, ya ajiye shari'ar zuwa wani lokaci.

"Tashi," ya ce. "Kai za ta fara dubawa. Ina tsaye."

Bayan an duba Yakuba, Jaje ya zauna ya buɗe baki aka yanki naman. Allurar ta fi yankan zafi. Da aka gama, likita ta ba Yakuba ranar dawowa, ta rufe kwalbar Jaje, ta manna mata takarda, ta tambayi wanda za a ba.

"Ba wanda za a ba," in ji Jaje ta gefen bakin da bai mutu ba. "Rubuta mini sunan wurin. In sun gama dubawa kuma su maido mini abina."

"Baba, ba a maidowa."

"Za mu yi maganar da su."

Yakuba ya kai shi tasha, ya ce zai gaya wa Kande, zai kuma kula masa da Hamidou kafin ya dawo. Jaje ya dube shi sosai, ya ce Hamidou ya iya jira.

Motar la'asar ta kama hanyar Dogon Dutsi. Ba su yi nisa ba aka tsayar da su a shingen jandarma. Wani dogo ya shigo yana karɓar katin shaida, idonsa ya sauka kan hannun Jaje da ke dafe da ƙirji.

"Tsoho, mi kake ɓoyo nan?"

Jaje ya fito da kwalbar, bai sake ta ba. Jandarman ya sunkuya yana kallon ɗan abin da ke yawo cikin ruwan.

"Mi ne wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Jaje. "Rakiya nake yi."