Ɗamarar da Ta Ƙi Ɗauruwa

A unguwar bakin kogi kowa yana da abin faɗa a kan Feng Gailan. Matan da suka yi shekara talatin da ita a masana'antar ɗinki suna cewa tef ɗin awo a idonta yake: ta dube ka sau ɗaya, ta yanka maka wando ba tare da ta taɓa ka ba. Surukarta kuwa cewa take yi idon ba shi da laifi, bakin ne, don duk abin da idon ya gani sai bakin ya faɗa, ko a gaban wa. Hao Mandun, jagoran tsofaffin da ke kaɗa gangar ƙugu a dandali kowace safiya, shi ya fi kowa yabonta. Shekara goma sha biyu ita ke wanke jajayen ɗamarun da suke ɗaure ganga da su, ita ke goge su.

Saura wata guda bikin sabuwar shekara ta kawo ɗamarun a kwando. Mandun ya ɗauki tasa, ya zagaya ƙugu sau biyu yadda ya saba, sai bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Ya shanye ciki. Suka taɓa juna da kyar, ban da ƙulli.

"Yaya Gailan, da ruwan zafi kika wanke ta ko? Ta tsuke."

"Ƙyallen yana nan yadda yake, Tsoho Hao. Kai ne ka buɗe."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a samo masa igiyar rijiya.

"Ni? Dubi ƙafafuna, kamar tsinken cin abinci. Sikeli bai motsa ba tun auren 'yata."

"Ƙafafun ne suka zube, cikin ya kwashe," in ji ta. "Ƙugunka santimita casa'in da biyar ne yanzu. Ka je a duba maka jini. Haka na maigidana ya fara, ana ta ce masa ya samu jin daɗi."

Mutum ashirin suna kallonsa, ɗamara na reto a hannunsa. Ya juyo gare ta.

"Shi ma haka kika yi ta auna shi, har ya gaji ya tafi."

Dariyar ta ɗauke. Ba wanda bai san ciwon suga ne ya cinye idon mijinta ba, sannan ƙafarsa, kuma ita ta yi jinyarsa shekara shida har ya rasu. Gailan ta ajiye kwandon a kan benci, ta gyara mayafin wuyanta, ta tafi gida. Washegari ba ta zo ba.

Mandun ya je asibitin unguwa da safe tun bai karya kumallo ba, ba don komai ba sai don ya samo takardar da zai nuna wa Gailan. Likitar, yarinya ce sa'ar 'yarsa, ta zagaya masa tef a saman cibiya.

"Baba Hao, saki numfashin nan, ina ganin ka."

Ya saki. Casa'in da shida.

Da sakamakon jini ya fito ta zaunar da shi. Maiƙon jininsa ya hau, sugan kuma yana bakin iyaka, bai tsallaka ba. Ta ce nauyi kan yaudari tsoho, don nama na raguwa kitse na taruwa a ciki, kewaye da hanta. Namiji in ƙugunsa ya kai casa'in, ga maiƙo a jini, to ciwon suga ya san hanyar gidansa.

"Ka zo a kan kari. Wa ya turo ka?"

"Wata tela," ya ce, yana kallon ƙasa.

Abin da ya ba shi mamaki, gyaran bai yi masa ɗaci ba. Matarsa Runmei ta rage girman kwanon taliyarsa, ta cika gefen da kabeji da tofu, wato awara. Romon rago sai ya huce ta kwashe kitsen sama. Wainar gero mai danƙo da ake soyawa a mai ta koma ta ranar biki kaɗai, guda ɗaya, kuma bai taɓa jin daɗinta kamar haka ba. Bayan cin rana yakan hau tudu har wajen itatuwan tuffa ya sauko. Barcinsa ya gyaru. A biki ya kaɗa ganga da aron ɗamara, aka tafa masa, ya sunkuya. Da bazara ta shigo likita ta duba takardarsa ta yi murmushi.

Abu ɗaya ne ya rage. Bencin da Gailan take zama tana kushe musu rawa ya zama wurin ajiye riguna.

Ya aika mata da gero sabon sussuka ta hannun Runmei. Ta karɓa, ta yi godiya. Ya aika da jar magarya. Ta karɓa. Ya gyara mata tayar keke ba tare da ta sani ba. Ba ta zo ba.

"Me kuma zan kai?" ya tambayi Runmei.

"Tsohon nan, gero ne ya zage ta? Ni na gaji da aike. Ƙafafunka sun iya hawan tudu yanzu, gidanta kuwa hawa biyu ne."

Ya same ta da hantsi a baranda tana shanya yankakken radish, wata saiwa mai kama da karas, a faifai. Ya yi maganar iska. Ya yi maganar tuffa da suka fara fure. Ya ce tef ɗin likita casa'in da shida ya nuna, ashe ta kuskure da ɗaya.

"Ka shanye ciki ranar," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da jera radish ɗinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jiran wani abu da ba ta gaggawarsa. Mandun ya cire hularsa, ya juya ta a hannu.

"Yaya, abin da na faɗa a kan maigidanki ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun ina faɗarsa. Kin riƙe shi yadda ba wanda zai iya. Ni kuma raina kika so ki ceta, na biya ki da wannan bakin. Na yi laifi. Ki yafe mini."